Ranar da Gwaggo ta bar faranti ya wuce

Ina ɗan shekara 12 na ga abin. Lahadin Jibin Ubangiji ce, a ƙaramar majami'armu ta ECWA da ke bayan garin Kafanchan, kan hanyar Kagoro. Dattijon ikilisiya ya iso layin mata da farantin gurasa, sai Gwaggo ta sunkuyar da kai, hannuwanta a cinya. Faranti ya wuce. Ƙananan kofuna suka biyo baya, su ma suka wuce. Matar da ke ba da waƙa a Zumuntar Mata ce fa, ba a horo take ba, ba kuma wanda ya kai ƙararta.

Ga mai karatun da bai taɓa shiga coci ba: Jibin Ubangiji tunawa ce da abincin ƙarshe da Yesu Almasihu ya ci da almajiransa daren da aka bashe shi. A wurinmu gurasa alamar jikinsa ce, abin da ke kofi kuma alamar jininsa. 'Yan Katolika, kamar na babban cocin St. Peter Claver da ke cikin gari, sun gaskata cewa jiki da jinin ne da kansu, shi ya sa mai babban zunubi sai ya fara zuwa ikirari gaban Fada, kowa kuma ya kame baki na sa'a guda kafin ya karɓa.

Mu ba mu da ɗakin ikirari. Fasto yakan buɗe 1 Korantiyawa sura 11, inda Manzo Bulus ya tsawata wa masu hali da ke cika cikinsu a wurin jibi alhali matalauta na zaune da yunwa, ya kuma gargaɗi kowa ya auna kansa tukuna. Da Hausa ake karanta mana, mu Bajju da Atyap da Ham da Kagoro, gadon 'yan mishan na SIM da suka sauka Kwoi a 1910 da kuma na Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Bayan karatun sai majami'a ta yi tsit. A wannan ɗan shirun, daga kai sai Allah.

Abin da Gwaggo ta tarar a nata shirun shi ne iyakar gonar citta. Wata biyu ba ta gaisa da matar ƙanen mijinta ba a kan kunya uku. Da la'asar ta yafa zane ta tafi gidan, ni ina biye da ita da ƙwaryar acca. Ban ji abin da suka faɗa ba. Na dai ga jibin da ya biyo sun zauna benci ɗaya.

A ganina yau mun juya abin. Da yawanmu muna miƙa hannu ne don tsoron ido, kada a tashi coci ana cewa me wane ya yi. Wasu kuma shirun nan maƙwabci suke aunawa da shi, suna leƙen wanda bai ɗauka ba. Ga kuma ƙullin da ya fi rikicin gona nauyi: garin da ya ga tashin hankalin Maris 1987 da na bayan zaɓen 2011 ba ya rasa masu zuwa teburin jibi da gaba a zuci, wadda ba su taɓa lissafa ta cikin zunubi ba, don wanda suke ƙi ba ɗan coci ba ne.

Ni ma bara faranti ya wuce ni. Bashin wani tela Musulmi na danne wata bakwai, ina canza hanya in na hango shagonsa. Ranar Litinin na kai masa rabi, na ba shi haƙuri. Ragowar na cika masa bayan an sayar da citta.