Sitiroberi a Illela: Da Hunturu Ake Nomansa

Jajayen sitiroberin da ake gani cikin 'yan robobi a manyan biranen Arewa lokacin sanyi, akasarinsu daga tsaunin Jos suke fitowa, musamman ƙauyen Chaha da ke kusa da Vom. Shi ya sa mutane da yawa suka yanke hukuncin cewa ba zai yi a ƙasar Sakkwato ba, balle Illela da ke bakin iyaka, daf da Birnin Ƙonni, inda zafin Afirilu ke haura digiri 40. A ganina an yi gaggawar yanke wannan hukunci.

A dubi Wagadugu, babban birnin Burkina Faso. Ƙasar Sahel ce mai zafi da ƙura irin tamu, amma masu lambun unguwar Bulmiyugu sun shafe shekaru da dama suna noman sitiroberi, suna tsinka daga Janairu zuwa wajen Afirilu. Ba su da tsaunin Jos. Da sanyin hunturu suke aiki.

Akwai rukunin sitiroberi da Turawa ke kira mai 'ya'yan Yuni, irin su Chandler da Camarosa na Jami'ar Kalifoniya, da Sweet Charlie na Jami'ar Fulorida. Wannan rukuni ba ya ƙulla fure sai yini ya gajarta ƙasa da kimanin awa 14 kuma gari ya yi sanyi. A Turai da arewacin Amurka hakan na faruwa ne da kaka, sai shukar ta kwanta cikin ƙanƙara, ta farka da bazararsu, ta zuba 'ya'ya gaba ɗaya cikin mako uku zuwa huɗu a watan Yuni. A Illela kuwa yini bai taɓa kai awa 14 ba, tsakanin 11 da 13 yake yawo duk shekara. Ke nan sharaɗin farko ya cika mana kyauta. Saura sanyi, shi kuma sai Disamba da Janairu, lokacin da dare kan sauka wajen digiri 15. Da zarar zafi ya zauna sama da digiri 30, fure ya ragu, 'ya'yan su ƙanƙance. Don haka wanda ya bi kalandar da ke bayan kwalin iri ya jira Yuni, busasshen ganye zai tarar.

A dasa shi a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, kusan lokacin da ake shirin dashen albasa. Kuma dashe za a nema, ba ƙwayar iri ba. Shukar tana miƙa yaɗo, 'ya'yan shuka su tsiro a jikinsa, su ne iri na gaskiya. Ƙwayar tana da jinkirin tsira, kuma ba lallai ta gado uwarta ba. Samun dashen nan shi ne babbar wahalar, domin sai an yi saƙo daga Jos, a kawo shi da saiwa a jiƙe.

A cikin gida, tukunya ko buhu mai huji a ƙasa ya fi fili, saboda ana iya jan sa zuwa inuwa idan rana ta take. A haɗa yashi da ruɓaɓɓen taki, ban da ɗanyen kashin kaji. Wurin da aka fi yin ɓarna shi ne wuyan shukar, tsakanin saiwa da ganye: in an binne shi ya ruɓe, in an bar shi a sama saiwa ta bushe. Daidai da fuskar ƙasa ake ajiye shi, da tazarar santimita 30 tsakanin shuka da shuka.

Saiwarsa ba ta nisa, don haka ban-ruwa kaɗan-kaɗan yake so kullum, a gindi, da safe. Sitiroberi na daga cikin shuke-shuken da ba sa jure gishiri ko kaɗan. Idan ruwan rijiyar gidan na da kanwa-kanwa, bakin ganye zai ƙone, gara a canza ruwa tun da wuri. A shimfiɗa ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa don 'ya'yan kada su taɓa ƙasa, a kuma riƙa wanke bayan ganye, inda wasu ƙananan jajayen ƙwari masu saƙa ke taruwa idan ƙurar hunturu ta yi yawa. Duk yaɗon da ya fito lokacin fure, a yanke shi.

Littattafan Turai suna cewa a cire furen shekarar farko domin shukar ta yi ƙarfi. Wannan shawara ba tamu ba ce. Da wuya shukar ta tsallake zafin Afirilu da Mayu a nan, saboda haka a ɗauke ta a matsayin amfanin shekara ɗaya, a ci moriyar kowane fure. Daga fure zuwa nuna kimanin wata guda ne, kuma sai ya yi ja duka ake tsinka, don ba ya ƙara zaƙi bayan an cire shi.

Ba na ba manomin Illela shawarar ya bar albasa ya koma sitiroberi. Amma mai gida ko uwargida da ke da ruwa mai daɗi da 'yar inuwa, su fara da tukunya goma a watan Nuwamba, kuma su yi saƙon dashen tun damina ba ta ɗauke ba.