Lokutan Aikatau a Turanci: Haddar Jadawali Ba Ta Wadatar Ba

Duk shekara ɗalibai ba adadi ke zama jarrabawar WAEC da NECO a Najeriya, kuma kowa ya san ba a samun gurbin jami'a sai da kiredit a Turanci. Duk malamin da ya taɓa duba insha'in ɗalibai ya san inda maki ke yawan zubewa: wurin lokutan aikatau. Yaro zai fara labari a shuɗaɗɗen lokaci, kafin ya kai layi na biyar ya zame zuwa lokaci mai ci bai ankara ba.

Ba rashin ƙwazo ba ne. An saba malami ya zana jadawali mai gida 12 a allo: shuɗaɗɗe, na yanzu da mai zuwa, kowanne kashi huɗu. Ɗalibai su haddace sunaye, su rera go, went, gone, a tashi. Sun san siga, amma ba a nuna musu muhallin amfani da ita ba, alhali a nan gizo ke saƙar.

Tushen wahalar shi ne harsunan biyu ba abu ɗaya suke lura da shi ba. A Hausa, lamirin da ke gaban aikatau shi ke ɗauke da nauyin: na karanta, ina karantawa, zan karanta, nakan karanta. Masana irin su M.K.M. Galadanci a littafinsa na nahawu na 1976, da Paul Newman a nasa na 2000, sun yi wa wannan tsari bayani filla-filla. Abin da Hausa ta fi kula da shi shi ne ko aiki ya kammala ko yana gudana. Turanci kuwa yana tilasta wa mai magana ya nuna yaushe.

Dubi wannan jimla: "Jiya ina karatu ya shigo." Kalmar "ina" ba ta canza ba, "jiya" ce ta mayar da zancen baya. Bature ba zai yarda da haka ba. Dole aikatau ɗin kansa ya koma baya, a ce I was reading when he came in. Ɗalibin da ya rubuta I am reading yesterday bin ƙa'idar harshensa ya yi.

Tarko na biyu ya fi wannan zurfi. "Na ga Audu" guda ce a Hausa, amma Turanci ya raba ta biyu. Idan an ambaci lokacin da ya riga ya wuce, kamar jiya ko bara, sai a ce I saw Audu yesterday. Idan kuwa ba a ambaci lokaci ba, kuma abin da ake nufi shi ne tasirin ganin a yanzu, sai a ce I have seen Audu. Haɗa have seen da yesterday kuskure ne. Haka nan "Ina zaune a Kano tun 2015" ba ta zama I am living ba, domin zaman ya faro daga baya ya iso yau: I have been living in Kano since 2015.

Akwai kuma aikatau masu nuna hali ko mallaka, irin su know, understand da own, waɗanda ba su cika karɓar ɗafin -ing ba. "Ina da mota" ita ce I have a car, ba I am having a car da ake yawan ji a ofisoshi ba. "Na gane" kuwa, idan ana nufin yanzu, I understand ce. Sannan bayan when da if ba a kawo will don nuna lokaci mai zuwa: "Idan ya zo zan faɗa masa" ita ce When he comes, I will tell him.

Waɗannan kurakurai suna da tsari, don haka suna da magani. Malamin da ya ajiye jimlar Hausa kusa da ta Turanci a allo, ya nuna inda suka rabu, ya taƙaita wa ɗalibansa tafiya mai nisa. Hana Hausa shiga ajin Turanci asara ce, domin da ita yaron ke tunani.

Shi kuma ɗalibi, littattafai irin su English Grammar in Use na Raymond Murphy, wanda ya fara fitowa a 1985, za su taimaka masa, amma ba za su maye gurbin atisaye ba. Ya riƙa rubuta jimloli biyar kowace rana: abin da ya yi jiya, abin da yake yi yanzu, abin da ya saba yi, abin da ya gama, da abin da zai yi gobe. Ya karanta jarida yana ja wa aikatau layi, yana tambayar kansa dalilin zaɓen wannan siga. Sannu ba ta hana zuwa. Malamai, ku koyar da muhalli kafin suna. Ɗalibai, ku rubuta kullum ku kai a gyara muku.