Fatar Ruwa

In aka cika ƙwarya da ruwa, aka bar shi ya natsu, sa'an nan aka kwantar da busasshiyar allura a kansa sannu a hankali, sai a ga ta tsaya a bisa, ba ta nutse ba. Ga shi kuwa allura ƙarfe ce, ƙarfe kuwa ya fi ruwa nauyi kusan sau 8. To, me ya riƙe ta?

Ga dalili. Ruwa taron waɗansu 'yan ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani, kowace tana jan 'yan'uwanta. Wadda ke tsakiya ana janta ta kowane gefe daidai. Amma wadda ke sama, inda ruwa ya gamu da iska, ba ta da 'yan'uwa a bisanta, sai gefe da ƙasa kaɗai ake janta. Wannan ne ke sa fuskar ruwa ta ɗame kamar fatar ganga. Ba fata ce ta ainihi ba, ba a feɗe ta, amma tana ɗaukar abu marar nauyi. Ita ce ke dunƙule raɓa a kan ganye. Sabulu kuwa raunana ta yake yi: in aka ɗiga ruwansa cikin ƙwaryar nan, sai allura ta nutse.

Sauro ma da fatar nan yake rayuwa. A kan kwantaccen ruwa macen ke yin ƙwai. In suka ƙyanƙyashe, tsutsotsin sai su rataya a ƙarƙashin fatar, suna shan iska ta wajen wutsiya. In aka zuba mai kaɗan, sai ya bazu, ya raunana fatar, ya toshe musu hanyar numfashi, su mutu.

A shekarar 1897 wani likitan Ingila, Ronald Ross, ya gano ƙwayar cutar zazzaɓi a cikin sauro, a Indiya. Da Amurkawa suka fara haƙa mashigin Fanama a 1904, zazzaɓi na kashe ma'aikata. Sai suka riƙa yashe kududdufai, suna zuba mai a waɗanda ba su yasuwa. Cuta ta ragu ƙwarai, aka buɗe mashigin a 1914.

Amma ba a zuba mai a ruwan da mutane ko dabbobi ke sha. Abin da ya kamaci kowane ɗan makaranta shi ne ya rufe randa, ya kife fasassun tukwane, ya cike ramukan da ruwa ke kwanciya a gidansu da damina.