Idan Ta Lalace, Wa Za Ka Kai Wa?

 Yau maganar kwamfutar tafi-da-gidanka za mu yi, wadda matasa ke kira laftof, da yayin da ake yi yanzu na tsallake ɗan kasuwa a sayo ta kai tsaye daga kamfanin da sunansa ke jikinta.

Bari in fara da abin da ya same ni, domin shi ya sa na ɗauko zancen. Na daɗe ina tara kuɗin kwamfuta. Da suka taru, sai wani ƙanena da ke karatu a Amurka ya ce mini, "Yaya, me zai kai ka kasuwa? Bari in sayo maka a shafin kamfanin, ka zaɓi irin wadda ranka ke so, ga ta sabuwa dal, kuma ta fi sauƙi." Haka kuwa aka yi. Wani abokinsa da zai zo gida hutu ya riƙo mini ita a jakarsa. Na karɓe ta a kwalinta, da ledarta, da takardar garantin shekara guda.

Wata biyar ina aiki da ita lafiya lau. Wata safiya na danna makunni, fitila ta kama, fanka ta fara juyawa, amma allo ya tsaya baƙi ƙirin. Na kashe na kunna, na cire caja na mayar, shiru. Hankalina bai tashi sosai ba, tunda akwai garanti. Na rubuta wa kamfanin, suka amsa cikin ladabi cewa za su gyara kyauta, har ma za su aiko da kwalin da za a saka ta. Sai dai kwalin adireshin Amurka zai je, inda aka saye ta, kuma can za a mayar da ita bayan gyara. Kamfanin bai yi mini ƙarya ba. Abin yana rubuce a takardar tun ranar farko, ni ne ban karanta ba. Ga aikina duka a cikinta, ga kuɗin aikawa da na dawowa, ga jiran mai tafiya.

To, jama'a, a nan gizo ke saƙar. Garanti alkawari ne, kuma alkawarin yana da garinsa.

Wannan salo na sayar wa mutum kai tsaye, wanda ya fi shahara da shi shi ne Michael Dell. A 1984, yana ɗalibi a jami'ar Teksas da ke Austin, ya fara harhaɗa kwamfutoci a ɗakin kwanansa da jarin dala 1,000. Dabararsa ita ce kada a ƙera kwamfuta a jibge a shago ana jiran mai saye. Mai saye ya faɗi abin da yake so, ya biya, sannan a haɗa masa. Babu kuɗin dillali, babu kayan da suka kwana a sito suka tsufa. A 1996 kamfanin ya fara sayarwa ta intanet, sauran kamfanoni ma suka buɗe nasu shagunan a can. Amma ku lura da abin da ya riƙe wannan salo: bayan kowace kwamfuta akwai layin waya da ake amsawa, akwai rumbun kayan gyara, akwai motar da ke kai kaya ƙofar gida, akwai injiniyan da zai iya zuwa ofishinka washegari idan ka biya kuɗin irin wannan hidima. Inda aka shimfiɗa waɗannan abubuwa, saye kai tsaye alheri ne. Kuma shi kansa Dell a 2007 ya fara kai kwamfutocinsa manyan shaguna irin su Walmart, domin mutane da yawa suna son su ga abu, su taɓa shi, kafin su biya.

Akwai kuma wani abu da ba kowa ya sani ba. Idan aka ce "daga hannun maƙerin", sau da yawa kamfanin da tambarinsa ke kan murfin ba shi ya haɗa ta da hannunsa ba. Mafi yawan kwamfutocin tafi-da-gidanka na duniya wasu kamfanonin Taiwan ne ke haɗa su bisa kwangila, irin su Quanta da Compal da Wistron, a masana'antun da akasarinsu ke ƙasar Sin, a birane irin su Chongqing da Kunshan. Ashe ke nan, abin da kake biya idan ka sayi sanannen suna ba ƙarfe da roba kawai ba ne. Kana sayen tsarin da suka zana, da gwajin da suka yi, da alkawarin cewa za su tsaya maka idan ta ba da matsala. Idan alkawarin bai ƙetaro teku ya iso garinku ba, ka biya kuɗin abin da ba za ka mora ba.

Kada a ce na kushe saye daga kamfani. Yana da amfani na gaske. Ka tabbata sabuwa ce, ba wadda aka wanke aka mayar kwali ba. Kai za ka zaɓi girman ram da ma'ajiyar bayanai, kuma wannan ya ƙara muhimmanci yanzu da yawancin siraran kwamfutoci ake liƙe musu ram a jikin bod, ba a iya ƙarawa daga baya. Kwanakin garanti kuma daga ranar da ka saya suke farawa. Wadda ka tarar a kasuwa kuwa, mai yiwuwa ɗan kasuwan ya sayo ta a Dubai wata takwas da suka wuce, agogon garantinta yana ta tafiya tun tana kan kanta. Wanda ke zaune a ƙasashen Tarayyar Turai ma doka ta ba shi kwana 14 ya mayar da abin da ya saya ta intanet, ta kuma ba shi kariyar shekara 2 idan kayan suna da aibi. Ɗan'uwanmu da ke can, shi kam ya saya kai tsaye hankali kwance.

Mu da ke Kano ko Kaduna ko Maraɗi, lissafinmu daban ne. Yawancin waɗannan shagunan intanet ba sa aiko da kaya ƙasashenmu. Sai mutum ya bi ta hannun ɗan'uwa, ko ta kamfanonin da ke ba ka adireshin aro a Amurka ko Ingila su turo maka. Wasu kamfanonin kwamfuta ba sa amincewa da wannan hanya ko kaɗan. Sannan ga canjin dala, wanda tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 ya zama abin da ake kwana ana tashi da shi, ga kuɗin jirgi, ga na fito, ga harajin kaya na kashi 7.5 cikin 100 a Nijeriya. Idan aka tara duka, arahar da aka gani a allo takan narke. Akwai ma ƙananan abubuwa da sai ta iso ake lura da su. Cajar ba ta da matsala, tana karɓar wuta mai ƙarfin volt 100 zuwa 240, amma bakin filoginta na Amurka ne, sai an nemo mahaɗi. Mutumin Nijar da ya saba da jerin madannai irin na Faransa, idan aka kawo masa na Ingilishi, sai yatsunsa sun sake koyon hanya.

Mu koma kan tawa kwamfutar. Da na ga jira zai kashe mini aiki, sai na ɗauke ta na nufi kasuwar Farm Centre a nan Kano. Na sami wani matashi mai gyara a ƙaramin shago, gabansa fitila da gilashin ƙara girma da ƙaramin faranti mai maganaɗisu da yake zuba kusoshi a ciki. Kafin ya taɓa ta sai ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, ka sani fa idan na sa mata wuta a bod, garantinta ya tafi. Ka yarda?" Na ce na yarda. Ya kwance kusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya jera su yadda ya cire su, ya sa wani siririn roba ya ɓalle murfin ƙasa. Abin da ya fara nuna mini shi ne fanka. Wata biyar kacal, amma ƙurar hunturu ta yi mata kitse a jiki kamar auduga, ta toshe hanyar iska. Ya hure ta, ya goge da burushi, sannan ya ɗauki ma'auninsa yana bin layukan wuta har ya tsaya a wani ɗan abu da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya ce shi ne ya ƙone, kuma zai ciro irinsa daga jikin wata matacciyar kwamfuta. Kafin la'asar allo ya kawo haske.

Ina girmama waɗannan yara ƙwarai. Ba su da kayan aikin kamfani, amma su ne ainihin masu tsaya wa mai saye a ƙasar nan, daga Farm Centre zuwa Banex a Abuja zuwa Computer Village a Ikeja. Shi ya sa nake ganin kafin mutum ya zaɓi kwamfuta, ya kamata ya fara zuwa wurinsu ya tambaya: wace iri ce kayan gyaranta ke samuwa? Za su faɗa maka cewa irin na ma'aikatu, kamar ThinkPad da Latitude da EliteBook, batirinsu da allonsu da madannansu suna ko'ina, saboda an shigo da na hannu da yawa, kuma kamfanoninsu suna wallafa littafin yadda ake kwance su. Wata kuwa kyakkyawa ce, siririya kamar faifai, amma idan allonta ya fashe sai an yi odarsa daga waje.

Ga wanda ya ƙudurta sai sabuwa, hanya mafi aminci a wurinmu ita ce ta wakilin da kamfanin ya amince da shi a cikin ƙasa. Kuɗin zai ɗan ɗara, amma kana da ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Kafin ka biya, juya kwamfutar ka duba lambar da ke ƙarƙashinta. A Dell haruffa da lambobi 7 ne, HP da Lenovo ma suna da tasu. Shiga shafin kamfanin a wayarka, a gaban mai shagon, ka rubuta lambar. Nan take za ka ga ranar da garantin ya fara da ranar da zai ƙare. Ka tambayi sunan cibiyar gyara da garin da take, ka karɓi rasit mai ɗauke da wannan lambar. Dokar kare haƙƙin mai saye ta 2018 ta ba ka damar mayar da kaya mai aibi, da kai ƙara hukumar FCCPC, amma wanda ke kasuwanci a Nijeriya ne hannunta ke saurin kaiwa gare shi, kuma ba rasit ba magana. Idan kuma dole sai daga waje, wasu kamfanoni suna da garantin ƙasa da ƙasa ga wasu nau'o'in, wasu suna barin a sauya rajistar kwamfuta zuwa wata ƙasa. A binciki wannan kafin a biya, kan ainihin nau'in da za a saya.

Ko da garantin yana aiki, a san iyakarsa. Bai ɗauki faɗuwa ba, bai ɗauki shayin da ya zube a kan madannai ba, kuma bai ɗauki ƙonewar da wuta ta jawo idan ta zo da ƙarfi ko janareta ya yi tsalle ba. Batir kuwa galibi shekara guda ake ba shi, ko da na kwamfutar shekara 3 ne. Kuma duk inda za a kai ta gyara, a fara kwashe bayanai zuwa wata ma'ajiya, domin kamfani yana iya goge komai ko ya sauya ma'ajiyar gaba ɗaya, kuma bai ɗauki alhakin abin da ke ciki ba.

Ita tawa har yanzu da ita nake aiki, a kanta ma na rubuta wannan shiri. Duk ƙarshen hunturu nakan kai wa yaron nan ya buɗe ta ya share fankar.