Yadda Ƙagaggun Labarai Suka Ƙaura Daga Takarda Zuwa Intanet

A shekarun 1990, duk mai son karanta littafin hikaya na Hausa, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, sai ya nufi kasuwa ko ya yi aro wurin aboki. Yanzu kuwa marubuta da dama kan saki labaransu babi-babi ta Wattpad, wadda aka kafa a Kanada a 2006, ko ta Facebook da WhatsApp. Amma kafin hakan ya yiwu, sai da masana suka warware wasu matsaloli, domin ba don Hausa aka ƙera na'ura mai ƙwaƙwalwa ba tun farko.

Matsala ta farko ita ce ta haruffa. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba kawai ta sani. Ɗaliban ilimin halittu za su tuna cewa ƙwayar gado ta DNA tana da alamomi 4 kacal, waɗanda ake karantawa uku-uku su ba da haɗi 64. Haka ita ma kwamfuta take jera 0 da 1 ta fitar da lambobi, sa'an nan a ba kowane harafi tasa lambar. Tsarin ASCII, wanda aka fitar a Amurka a 1963, gurbi 128 gare shi. A cikinsa babban A shi ne 65, ƙaramin k kuma 107, amma babu gurbin ɓ da ɗ da ƙ, wato haruffa masu lanƙwasa.

Wannan ba ƙaramin gibi ba ne ga mai ba da labari. Idan lanƙwasa ta faɗi, baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa, ɓari ya koma bari, ma'anar jimla ta rikice. Shi ya sa a shekarun 1990 aka ƙirƙiro zubin haruffa na musamman, kamar Rabi'at da Abdalla na Abdalla Uba Adamu, malami a Jami'ar Bayero ta Kano. Dabarar irin wannan zubi a wancan zamani ita ce a ari gurbin wata alama a zana harafin Hausa a ciki. Illarta kuwa, in rubutun ya je kwamfutar da ba ta da zubin, sai tsohuwar alamar ta dawo.

Maganin ya zo da tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba haruffan harsunan duniya lambobi na dindindin: ƙ ta sami 409, ɓ 595, ɗ kuma 599. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar da mafi yawan rubutun intanet ke bi a yau.

Matsala ta biyu ita ce jeri. Manhajojin da aka yi domin labaran yau da kullum suna ɗora sabon rubutu a sama, alhali hikaya daga babi na ɗaya take farawa. Don haka sai an gyara manhajar, a juya jerin, a kuma sanya fihirisa da mahaɗi daga babi zuwa babi.

Ta uku ita ce adanawa. OkadaBooks, dandalin sayar da littattafai na Nijeriya da aka buɗe a 2013, ya rufe a 2023. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam kuwa, tun 1934 yake hannun jama'a, saboda kofensa ya bazu a ɗakunan karatu da gidaje.

Saboda haka ya kamata malamai su koya wa ɗalibai sanya allon rubutu na Hausa a wayoyinsu, su riƙa rubuta haruffa masu lanƙwasa daidai. Kowane matashin marubuci kuma ya ajiye kofen aikinsa a wuri fiye da ɗaya, har da takarda.