Burodin Hawai: Laushinsa Daga Ruwa Yake Fitowa

Akwai wani ɗan ƙaramin burodi mai zaƙi da ake gasawa a jere cikin faranti guda, 12 ko 15, kowanne ya jingina da ɗan'uwansa. A Amurka ana cinsa da abincin dare, ana kuma kiransa burodin Hawai. Idan aka ɓallo ɗaya daga jerin, gefensa kan rabu zare-zare, idan aka danna shi da yatsa ya lotsa sannan ya dawo yadda yake. Yawancin masu gwada shi a gida suna ɗauka cewa sirrin wannan laushi yana cikin yawan sukari da bota, ko kuma cikin wani sinadarin da gidajen burodi ke ɓoyewa. Saboda haka sai su yi ta ƙara sukari, burodin kuma ya fito da nauyi, ya ƙone a sama. Abin da nake so in nuna shi ne laushin burodi magana ce ta ruwa: nawa ƙullin ya sha, da kuma yadda aka sa shi ya riƙe abin da ya sha bayan ya fito daga wuta. Sukari da bota da ƙwai suna taimakawa, amma 'yan rakiya ne. Ɗanɗanon abarba ko kwakwa da ake nema shi ma ta hanyar wannan ruwa yake shiga, don haka wanda bai fahimci ruwan ƙullinsa ba zai yi asarar laushi da ƙamshi gaba ɗaya.

Tarihin burodin ma yana goyon bayan wannan magana. Asalinsa daga Fotugal yake, musamman tsibiran Madeira da Azores, inda ake yin burodi mai ƙwai da sukari a lokutan bukukuwa. A shekarar 1878 jirgin ruwa mai suna Priscilla ya sauke rukunin farko na mutanen Madeira a Honolulu domin aikin gonakin rake, dubbai kuma suka biyo bayansu a shekarun da suka biyo. Matan waɗannan leburori suka riƙa gashi a tanderu na dutse a bayan gidajensu, suna hura itace a ciki, su kwashe garwashin, sannan su zuba burodi. Babu injin kwaɓi, babu lantarki, babu wani garin gyara ƙulli na kamfani, amma burodin ya yi suna saboda laushinsa. Daga baya Robert Taira, ɗan wasu baƙi daga Okinawa ta Japan, ya buɗe gidan burodi a garin Hilo a shekarun 1950 yana yin irin wannan burodi, ya koma titin King a Honolulu a 1963, sannan ya kafa masana'anta a Torrance ta jihar Kalifoniya a 1977. Daga nan sunan King's Hawaiian ya bazu a Amurka. Ruwan abarba kuwa masu girki a gida ne suka mayar da shi alamar wannan burodi, domin tun bayan da James Dole ya kafa kamfaninsa a 1901 sunan Hawai ya manne da abarba a zukatan Amurkawa, duk da cewa ita abarbar asalinta daga Kudancin Amurka take.

Don a gane dalilin da ya sa ruwa ne kan gaba, sai a duba abin da ke cikin fulawa. Mafi yawanta sitaci ne, sai kuma furotin ɗin alkama wanda idan ya jiƙa aka murza shi yake zama danƙo, wato gulutan. Danƙon nan shi ke riƙe iskar da yis ke fitarwa, ƙulli ya kumbura. Sitacin kuwa a cikin wuta yake shan ruwa ya kumbura ya yi taushi. Matsalar tana farawa ne bayan burodi ya huce, domin a hankali sitacin yana sake tsukewa yana sakin ruwan da ya sha, ruwan kuma ya gudu zuwa ɓawo ya fita. Wannan shi ne bushewar burodin kwana. Maganin da masu burodi na Japan da Taiwan suka shahara da shi mai sauƙi ne ƙwarai, kuma duk macen da ta taɓa yin talgen tuwo ta riga ta iya shi. Ana ɗiban fulawa kaɗan, kamar giram 25 daga cikin giram 500, a dama ta da ruwa ko madara ninki 5 na nauyinta, a ɗora a wuta marar ƙarfi ana juyawa har ta yi kauri, cokali yana barin layi a gindin tukunya. Wannan yana faruwa ne a wajen digiri 65 na ma'aunin Salshiyas. Sitacin da aka dafa haka yana kama ruwa fiye da ɗanyen sitaci nesa ba kusa ba, saboda haka ƙullin zai ɗauki ruwa mai yawa ba tare da ya caɓe a hannu ba, burodin kuma ya kwana biyu ko uku da laushinsa. A bar talgen ya huce kafin a zuba shi, domin zafin da ya kai digiri 60 yana kashe yis.

A nan ne mai karatu zai iya cewa, ai kowa ya san burodi mai sukari ya fi laushi, to me ya sa za a rage matsayin sukari? Gaskiya ne sukari yana jan danshi yana riƙewa, kuma yana jinkirta bushewa. Amma wannan halin nasa na jan ruwa shi ne kuma illarsa. Yis abu ne mai rai, yana buƙatar ruwa kafin ya yi aiki, idan sukari ya wuce kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin fulawa sai ya fara ƙwace wa yis ruwa, tashin ƙulli ya yi nawa. Haka nan yana gogayya da furotin ɗin alkama wajen shan ruwa, danƙon ya kasa ƙarfi. Shi ya sa ƙullin da aka cika wa sukari yake zaune awa biyu bai motsa ba, mai shi ya gaji da jira ya sa a wuta, ya fito da dunƙule mai nauyi. A ganina giram 70 zuwa 80 na sukari a kan giram 500 na fulawa ya wadatar, musamman da yake ruwan abarba ma yana ɗauke da nasa zaƙin. Ko a hakan sai an ba ƙullin lokaci fiye da na burodin yau da kullum. Ana sayar da wani nau'in yis da aka tanada domin ƙulli mai zaƙi, wanda ya samu ya huta, wanda bai samu ba ya ƙara ɗan yis kaɗan ya kuma jira.

Bota ma tana da nata ƙa'idar. Maiƙo yana lulluɓe fulawa ya hana ta shan ruwa, don haka idan aka zuba bota tun farko danƙon ba zai haɗu da kyau ba. A fara haɗa fulawa da talge da ruwan abarba mililita 120 da ƙwai 2 da sukari da madarar gari cokali 3 da yis giram 8 da gishiri giram 9, a murza har ƙullin ya fara santsi, sannan a riƙa cusa bota mai taushi giram 60 kaɗan-kaɗan. A daidai wannan gaɓar ƙullin zai yi kamar ya lalace, ya rarrabe, ya yi ta zamewa a tafin hannu yana manne wa tebur. Nan ne mafi yawan mutane ke yin kuskuren da ke kashe burodin, wato su yi ta barbaɗa fulawa har ƙullin ya daina mannewa. Duk cokalin fulawar da aka ƙara ruwan ƙullin yake sha, laushin da aka yi wahalar tanadawa da talge ya tafi a banza. A ci gaba da murzawa da bugawa kawai, bayan minti 10 zuwa 15 ƙullin zai haɗe kansa ya yi sheƙi. Alamar ya yi ita ce a ciri ɗan guntu a buɗe shi da yatsu a hankali, ya miƙe ya yi siriri har haske na ratsa shi bai yage ba.

Batun abarba ne ya fi buƙatar a tsaya a kansa, domin a nan hankalin mutum ke iya yaudararsa. Mai sabuwar abarba a kasuwar garinsu zai ga babu dalilin sayen ruwan gwangwani, tunda ɗanya ta fi ƙamshi ta fi araha. A sha kam haka ne. A ƙulli kuwa ɗanyar abarba ɓarna take yi, saboda tana ɗauke da wani sinadari mai suna buromelen wanda aikinsa narka furotin. Shi ne ke sa harshe ya riƙa zafi idan an sha abarba da yawa, shi ne kuma dalilin da ya sa ake jiƙa nama mai tauri da ita. Danƙon alkama furotin ne, saboda haka ɗanyen ruwan abarba zai bi shi ya tsittsinka, ƙullin da aka bari yana tashi a dawo a tarar ya saki ya zama ruwa-ruwa, ba ya riƙe iska ba ya ɗaukar siffa. Ruwan gwangwani ba ya yin haka domin an dafa shi kafin a rufe, zafi kuma yana kashe sinadarin. Ashe ke nan ba sai an sayi na gwangwani ba: a markaɗa abarbar, a tace, a tafasa ruwan na 'yan mintoci, a bar shi ya huce. Wanda ya bar shi ya ɗan ƙafe a wuta ma ya ci riba, ɗanɗanon ya ƙara ƙarfi. Gwanda ma tana da irin wannan sinadari, ita ma sai an dafa ta. Tsamin abarba kuma yana tsinka ɗanyar madara idan an gauraya su kai tsaye, shi ya sa madarar gari da aka cuɗa cikin fulawa ta fi dacewa.

Ya kamata a faɗa wa mai gwadawa gaskiya cewa ɗanɗanon abarba a cikin burodin da ya gasu ba ya fitowa fili. Abin da ke saura shi ne ɗan tsami-tsami mai daɗi da ke sassauta zaƙin. Wanda yake son a ji ƙamshin sosai ya kankare ɓawon lemun zaƙi ko na lemun tsami a cikin sukarin, ya ƙara ɗan garin citta. Kwakwa ta fi abarba jure wuta, kuma tana zuwa da maiƙonta, don haka idan aka yi talgen da madarar kwakwa sai a rage bota. Mutanen Samowa suna da nasu salon mai suna pani popo, inda suke jera ƙullin a faranti su kwarara madarar kwakwa mai sukari a gindinsa kafin a gasa, burodin ya fito samansa a gashe, ƙasansa a jiƙe da romo mai kauri.

Wasu za su ce duk wannan wahala ce, burodin gida ba zai taɓa kai na kamfani laushi ba, domin su suna da sinadaran gyara ƙulli. Lallai masana'antu suna amfani da irin waɗannan, wasunsu ba su da illa, kuma suna sa burodi ya yi kwanaki a kanti. Amma mai gasawa a gida ba kanti zai kai ba, iyalinsa za su ci yau da gobe, talge kuma ya ishe shi wannan tsawon lokaci. Kuma bai kamata a manta cewa neman kumburi da laushi ta gajeriyar hanya shi ya jefa wasu masu burodi cikin amfani da fotashiyam buromet ba, sinadarin da hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa cikin abubuwan da ka iya jawo cutar ga ɗan Adam, wanda kuma hukumar NAFDAC ta haramta sa shi a burodi a Najeriya tun farkon shekarun 2000. Wanda ya kwaɓa da hannunsa ya san abin da ke cikin abin da yake ba 'ya'yansa, wannan kuwa a wurina dalili ne mai nauyi.

Rashin obin ma ba hujja ba ne, tunda matan Madeira da itace suka gasa nasu. Babbar tukunya mai murfi da aka zuba wa yashi ko tsakuwa a gindi, aka ɗora a kan gawayi, irin wadda ake gasa kek da ita, za ta yi aikin, muddin aka zafafa ta tukuna aka kuma ɗora 'yan garwashi a kan murfin. Abin lura shi ne ƙulli mai sukari da ƙwai yana saurin yin ja, saboda haka wuta matsakaiciya yake so, wajen digiri 175 zuwa 180, na minti 20 zuwa 25. Jera ƙananan curin ƙullin kusa da juna a faranti ma dabara ce ta tsare ruwa: idan suka tashi suka haɗe, gefensu ba ya yin ɓawo, tururi yana zama a tsakaninsu, sama kawai wuta ke taɓawa. Da an sauke a shafa musu bota da zafinsu. A lokacin bazara, idan zafi ya tsananta, ƙulli kan tashi da gaggawa har ya wuce ya yi tsami, don haka a kwaɓa da ruwan sanyi a ajiye shi a inuwa. A lokacin hunturu kuwa busasshiyar iska na yi masa ɓawo tun bai tashi ba, sai an rufe shi da leda ko jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta. Bayan ya huce a ɗaure shi a leda a bar shi a ɗaki. Kada a sa shi a firji, domin a irin wannan sanyin ne sitaci ya fi saurin tsukewa. Wanda zai ajiye na mako guda ya sa a firiza ya daskare, in ya tashi ci ya ɗumama shi a tukunya mai murfi na 'yan mintoci.