Ina Za A Buga? Lissafin Masoya Ƙwallon Kwando A Jigawa

Tun 1966 da aka buɗe gasar wasannin jami'o'in Najeriya, wato NUGA, a Ibadan, jami'o'i ke karɓar baƙuncinta ɗaya bayan ɗaya. Makurɗi ta karɓa a 2017, Legas a 2022.

Ga ɗalibin Jami'ar Sule Lamiɗo da ke Kafin Hausa, ko ɗan Baturiya mai karatu a Dutse, sunan garin da aka zaɓa shi ne rabin wasan. Legas na da filaye da 'yan kallo, amma tafiyar wuni da kwana ce, ga tsadar masauki, ga gumin bakin teku da ke sa ƙwallo santsi a hannu. Jos kuwa sanyinta kan ƙame yatsun mai jefawa kwando.

Shi ya sa Zariya da Kano suka fi kwanta wa mutanen Haɗejiya a rai: a kama mota da asuba, a iske wasan la'asar, a kwana gidan dangi. Kano ma gidan ƙungiyar ƙwallon kwando ta Pillars ce, 'yan kallonta sun san wasan.

Lokaci ma abin dubawa ne. In gasa ta faɗo a Agusta ko Satumba, ambaliyar Kogin Haɗejiya kan datse hanyoyin ƙauyuka tun kafin a kai tasha.